Shin akwai falsafa a waƙoƙinmu, ko duk wa'azi ne da yabo da roƙo?

Ɗalibar_Hausa_BK:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ta hana ni sakat tun ranar Asabar. Mun je biki Gwandu, a hanyar dawowa Birnin Kebbi direba ya kunna Narambaɗa. Na ce wa yayana, ɗan baffanmu da ya karanta falsafa a jami'a, "Yaya, ka ji masu falsafa na asali." Sai ya girgiza kai. Wai waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, ba ta wuce abu uku: wa'azi, yabo, roƙo. Ya ce mai falsafa tambaya yake yi bai san inda za ta kai shi ba, shi kuwa mawaƙinmu tun kafin ya buɗe baki ya riga ya san amsa: duniya ba matabbata ba ce, mutuwa na tafe, a yi haƙuri. Har muka shigo gari ban sami abin ce masa ba, kuma zuciyata ba ta yarda ba. Don Allah masana ku taimaka. Gaskiya ya faɗa?

Tsohon_Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Gardamar nan ta girmi yayanki, ta girme ni. Kalmar falsafa ta Girkawa ce, ta hannun Larabawa ta iso mu, ma'anarta son hikima. A can ma ba su daidaita ba. Aflatun ya ce a kori mawaƙa daga birnin da ya tsara, don suna motsa zuciya su bar hankali a baya. Almajirinsa Aristo ya saɓa masa, ya ce waƙa ta fi tarihi kusa da falsafa, domin tarihi yana faɗin abin da ya sami wane, waƙa kuwa tana faɗin abin da kan sami kowa. Ki tambaye shi a cikin malaman nan nasa biyu wa yake bi.

Sadauki_Argungu:
Baba Hedimasta, da girmanka, amma ni ina bayan yayanta. Hikima daban, falsafa daban. Kakata cike take da hikima, karin magana a bakinta kamar ruwan Matan Fada, amma ba ta taɓa zama ta kawo hujja ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar da "rabon kwaɗo ba ya hawa sama" ba. Faɗa take yi a karɓa. Haka mawaƙa suke. Mu daina jin kunyar cewa ba mu da wani abu. Muna da namu, ba sai mun ara masa suna ba.

Bagwandu1805:
Sadauki, da kai da yayanta ku zo Gwandu ku zauna gaban masu karanta Tazyinul Waraƙati. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara waƙoƙinsa a ciki, yana bayanin abin da ya sa ya yi kowace. Mutum ne da ya yi yaƙi da hannunsa, ya ga abin da ya faru a Alwasa a 1805 inda aka rasa jama'a masu yawa. Bayan an fara samun nasara sai ya duba ya ga abokan gwagwarmaya na ƙwarai sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage da yawansu hankalinsu ya koma kan dawaki da tufafi da ƙwaraƙwarai da sarauta. Abin ya dame shi har ya bar runduna a 1807 ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba. A Kano aka tsayar da shi, can ya rubuta Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo.

To ina tambaya: wanda ya riga ya san amsa yana barin ɗan'uwansa da rundunarsa ya kama hanya? Waƙoƙin da ya yi a wannan hali tambaya ce tsagwaronta. Me ya sa gaskiya in ta sami mulki take sauya kama? Wanda ya yi gyara ya ga gyaran ya fara lalacewa a gabansa, zama ya kamace shi ko tafiya? Ni ban san wata tambaya da ta fi wannan nauyi ba.

Sadauki_Argungu:
Da Larabci ya yi su ai. Maganar waƙar Hausa ake.

Inna_Jaji:
To ga ta Hausa, ɗana. Tabbat Haƙiƙan. Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa. Ni a bakin kakata na fara jin ta tun ban san ma'anarta ba, tana kaɗi tana rerawa. Waƙar tana bin masu iko ɗaya bayan ɗaya: mai mulkin da ke cin dukiyar talakawa, alƙalin da ke karkata shari'a, mai ƙwace. Ku lura, ba a kan sarakunan da aka yaƙa aka yi ta ba, a kan 'yan gida aka yi ta bayan an ci nasara. Ɗiyar Shehu ce take faɗa wa 'yan'uwanta cewa sarauta ba ta wanke zalunci. Ku kira shi wa'azi in kun so, amma a ƙarƙashinsa akwai magana a kan mene ne adalci da kuma wa ke da haƙƙi a kan wa.

Malam_Na_Zaure:
Jama'a a yi hattara da kalmar nan ta falsafa. Ba na son a jingina wa Shehu da Malam Abdullahi da Nana abin da ba su kira kansu da shi ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum yana rushe maganganun masu falsafa, ya kafirta su a mas'ala uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Abin da magabatanmu suka yi sunansa zuhudu da wa'azi da hikima. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce lalle daga cikin waƙa akwai hikima. Ya kuma ce mafi gaskiyar kalmar da wani mawaƙi ya faɗa ita ce ta Labidu, cewa duk abin da ba Allah ba ɓatacce ne. Hikima ta ishe mu suna.

Almajirin_Salame:
Allah gafarta Malam, ina neman afuwa in ƙara kaɗan. Shi Gazalin bai jefar da komai ba, ya karɓi manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, har ya sa shi a gabatarwar littafinsa na usulu. Sannan a gidan Shehu kansa akwai Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen ɗiyarsa Khadija, wanda ya zauna Salame. Ya yi rubutu a kan samuwa da rai da hankali da matakan halitta, irin abin da Sadauki yake nema na hujja bayan hujja. Ba a kore shi ba, ba a ƙone takardunsa ba. Kenan ilimin ya zauna a ƙasar nan, ba baƙo ba ne.

Malam_Na_Zaure:
Na karɓi gyara a kan manɗiƙi. Amma ɗan Tafa na manyan malamai ne, ba a buɗe wa kowa wannan ƙofa ba. Tsorona yaran da za su ji an ce "tambaya" su ɗauka har abin da aka yanke a aƙida abin taɓawa ne.

MaiKotso:
Kun tafi can sama kun bar wanda aka fara magana a kansa. Narambaɗa fa? Ni abin da ya sa nake ce masa mai zurfin tunani, dubi yadda yake tsayar da gaskiya a gabansa kamar mace, yana horonta da ta bar jin tsoron ƙarya. Ka tsaya ka yi tunani. Me zai sa a ce wa gaskiya kar ta ji tsoro in ba an ga tana jin tsoron ba? Wa'azi cewa yake gaskiya dokin ƙarfe ce. Narambaɗa ya zauna a fada, ya ga ranar da mai gaskiya ke rawar jiki maƙaryaci na zaune daram kusa da sarki. Bai ce ba a yi ba. Ya san ana yi, shi ya sa yake ƙarfafa mata gwiwa. Mutumin Isa ya san duniya.

Bazamfare_Asali:
Gyara kaɗan, Narambaɗa ɗan Tubali ne. Isa can ne ubangidansa yake, Sarkin Gobir Amadu, wanda ya yi wa Bakandamiya.

MaiKotso:
Haka ne, na gode.

Sadauki_Argungu:
To ai ga shi kun faɗa da bakinku: ubangidansa. Don doki da riga da kuɗi aka yi waƙar. Wanda cikinsa ke hannun sarki yaya zai yi tunani mai 'yanci?

Bazamfare_Asali:
Sadauki, ba ka zauna da makaɗan fada ba. Yabon da kaka ji ba hoton sarkin da ke zaune ba ne, hoton sarkin da ya kamata a samu ne. In Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru ko Jankiɗi sunka ce wa sarki mai haƙuri, mai kyauta, wanda ba ya jin zuga, bango abin jingina, to sun ɗora mai kaya ne gaban jama'a. Gobe in ya yi rowa ko ya bi maganar 'yan tsurku, waƙar da anka yi mai ita za ta kama shi. Da wannan da habaici da zambo sunka riƙa faɗa ma sarakuna abin da waziri ba ya iya faɗi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kira babban saƙon waƙar baka turke, ƙananan da ke ciki tubalai. Turken na iya zama yabo, amma ka tona tubalan ka ga abin da ke ciki: zamani, ƙaddara, gado, mutuwa, halin ɗan Adam.

Ɗan_Jega:
Kar a manta da namu. Alhaji Aƙilu Aliyu a Jega aka haife shi a 1918, ko da yake a Kano ya yi yawancin rayuwarsa har ya rasu a 1999. Ba sarki yake wa waƙa ba. Hausa Mai Ban Haushi ba wa'azin lahira ba ce, ba roƙo ba ce. Magana ce a kan mutumin da ya raina harshen uwarsa yana taƙama da na wani, me ya rage masa. Yayan Ɗaliba ya sa ta a wane kwando cikin ukun nan nasa?

UmmuSafiyya:
Ni ban yi karatun adabi ba, ungozoma ce ni a wani asibiti a nan Kebbi. Amma duk sunayen da ake ta kirgawa ban da Nana maza ne, kuma sanannu. Ku je ku saurari mata a bakin turmi ko dutsen niƙa a ƙauye. A can ake tambayar da ba a yi a zaure: me ya sa aka ba da ni ga wanda ban so, me ya sa wadda ta yi haƙuri ita ce a ƙasa, ɗan da na haifa nawa ne ko na gidan ubansa. Ba su rufewa da amsa. Niƙa na ƙarewa waƙa ta tsaya, gobe a ɗora daga inda aka bari. Injin niƙa ya shigo yanzu, waƙoƙin suna tafiya da tsofaffin da suka iya su, ba wanda ya ɗauka.

Ɗalibar_Hausa_BK:
Anti UmmuSafiyya, wallahi wannan ta shige ni. Kakata ta wajen uwa tana nan da rai, ban taɓa tunanin in zauna in ɗauki muryarta ba.

Kabawa_Kanta:
Akwai wani ɓangare kuma. Yayanta ya ce duk amsa ɗaya mawaƙa ke bayarwa. To Gambo na Fagada mai waƙar ɓarayi fa? Kassu Zurmi da 'yan tauri fa? Ɗan Anace da 'yan dambe? A duniyar waɗannan waƙoƙi ba haƙuri ne maganin zaman duniya ba, zuciya ce da ƙarfi. Mutuwa ba abin gudu ba ce, abin tara ce, kunya ita ce abin tsoro. Ban ce daidai ne ba. Na ce ra'ayi ne na daban game da abin da ke sa rayuwa ta yi daraja, kuma yana gaba da gaba da na Imfiraji da makafi ke rerawa a kasuwa. Al'ummar da ke da amsoshi biyu masu karo da juna tana cikin muhawara, ko ba ta rubuta ba.

Manomi_Mai_Hijira:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ɗan'uwa Kabawa, don Allah kar ka kira wannan da suna mai daɗi. Mu mun zauna ƙarƙashin masu ganin ƙarfi shi ne gaskiya. Damina ta uku ke nan ban taka gonata ba, ina Gusau da iyali a ɗakin haya. Mun biya kuɗin noma, mun biya na girbi, ƙarshe sai da munka fito da dare da abin da kai ka iya ɗauka. Ƙanena bai fito ba.

Abin da ya sa ni magana shi ne, duk wanda ya zo gaisuwa abu ɗaya yaka ce: ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara, Allah shi ne shaida. Amma da dare in na kwanta tambaya ba ta bari na. Ban taɓa yin waƙa ba sai bara, ga kaɗan daga ciki:

Na yi huɗa, na yi noma, na yi maimai,
Ga hatsi ya nuna, bai kai rumbu ba.

An ce da ni haƙuri, na ce na ji Malam,
Shi mai bindiga ba a ce mai komai ba.

In rabona ne ya tashi ya shige daji,
Wa ya ba shi ƙafa? Ni ban gane ba.

Ban san ko falsafa ce ko mi ne ne ba. Na dai san in na rera ta ina samun barci.

Inna_Jaji:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya mayar da ku gidajenku lafiya. Na karanta baitin tsakiya sau uku.

Kabawa_Kanta:
Ka yafe ni ɗan'uwa. Ban yi nufin in ƙawata abin da ya raba ka da gida ba. Allah ya gafarta masa.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya jiƙansa, ya ba ku dangana. Ɗan'uwa, tambayarka ba saɓo ba ce, kuma ba ita nake tsoro ba. Malaman tauhidi sun daɗe a kanta: Allah ne mai halitta, bawa kuma yana da kasabinsa, wato aikin da ya yi da zaɓinsa, a kansa za a yi masa hisabi. Wanda ya ɗauki bindiga shi ya ba rabonka ƙafa, kuma zai amsa. Da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga Sham saboda annoba aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Fitowarku da dare ƙaddara ce, neman haƙƙinku ma ƙaddara ce. Duk wanda ya ce wa wanda aka zalunta ya yi haƙuri, bai buɗe baki ya ce wa azzalumi ya bari ba, rabin wa'azi ya yi. Baitinka na biyu da mu yake, na kuma ji.

Mai_Arulli:
Allah ya jiƙan mamaci. Malam Manomi, in ka ba ni izini, amsa-amon "ba" ya zauna daram, amma karin yana ɗan tangaɗi, ɗango na biyu a baiti na biyu ya fi 'yan'uwansa tsawo. In an rage gaɓa ɗaya ko biyu zai hau.

UmmuSafiyya:
Haba Malam. Mutum ya kawo ciwonsa kai kana auna gaɓa?

Mai_Arulli:
Hajiya, ba raini ba ne. Don na ga waƙar ta cancanci ta rayu ne. Abin da ya hau kari shi ake hardacewa, shi ya sa waƙoƙin Nana, wadda ta rasu tun 1864, suke bakin mata har yau.

Manomi_Mai_Hijira:
Ba komai Hajiya, ban ji zafi ba. Malam Mai Arulli, ka gyara ka turo mini. Amma kalmar bindiga kar ka taɓa ta.

Sadauki_Argungu:
Allah ya jiƙan rai. Zan faɗi gaskiya, baitin ƙarshe na Malam Manomi tambaya ce ta gaske, ba ta zo da amsarta a aljihu ba. A nan na sassauta. Amma har yanzu ina nan a kan cewa waƙa tana tsayawa a inda falsafa take farawa. Shi ya yi tambaya, Malam Na Zaure ne ya zo da bayani, kuma bayanin da zube ya zo, ba da waƙa ba.

Tsohon_Hedimasta:
Sadauki, bayanin Malam ya gamsar da kai, amma ka lura mai waƙar bai ce bayani ne ke sa shi barci ba. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na rufe iyaye da mata da ɗa. Ranar da aka kai ɗana, na san duk hujjojin, ni nake faɗa wa wasu su. Abin da ya riƙe ni a daren nan baitocin Zuhudu ne da muka hardace a makarantar zaure muna yara ba mu san me suke nufi ba. Akwai sanin da ke shiga ta kai, akwai wanda sai ta kunne da ƙirji. Ban iya ce maka na biyun bai kai na farko ba.

Ɗan_Jega:
Mawaƙan yanzu fa? Na ga kamar duk soyayya ce da siyasa, wa ya rage mai irin wannan zurfi?

MaiKotso:
Wannan wata muhawara ce, a buɗe mata nata zaren. Amma ka tuna su ma na da ba duk waƙarsu ce Bakandamiya ba. Zamani ne ya tace mana, tsakuwar ta zube.

Ɗalibar_Hausa_BK:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na tura wa yayan nawa duk abin da aka rubuta. Ya ce maganar Malam Abdullahi da ta ɗan Tafa bai san su ba, zai nema. A kan makaɗan fada bai sauka ba, yana nan tare da Sadauki. Da ya zo kan baitocin Baba Manomi bai ce komai ba, ya dai tambaye ni ko akwai sauran waƙar. Baba, in ba damuwa, baiti nawa ce duka?

Manomi_Mai_Hijira:
Ashirin da bakwai ne ɗiyata. Sauran akwai sunayen mutanen garinmu a ciki, ba na son su fita yanzu. In na cire su zan turo.

Bagwandu1805:
Ɗaliba, ki ce wa yayanki in ya tashi zuwa Gwandu ya yi mini magana tun da wuri. Akwai dattijon da ke karantar da Tazyin bayan la'asar, sai dai ba ya zama ranar Alhamis da Juma'a.